Ladan wata-wata a Clash of Clans: Gold Pass, gasar ƙungiyoyi da wahalar jiran mutane

Duk wanda ya tambaye ni ko ya dace ya sayi Gold Pass, wato tikitin wata-wata da ake biya don samun ƙarin lada a wasan waya na Clash of Clans, tambaya nake mayar masa: wace ƙungiya kake ciki, kuma mutanenta suna fitowa idan an fara yaƙi? In ya ce "to, wani lokaci dai," sai in ce ya adana kuɗinsa tukuna, ya je ya nemi ƙungiyar kirki. Na daɗe ina buga wasan nan, akwai watannin da na saya, akwai waɗanda na ƙyale, kuma abin da na tabbatar shi ne ladan da ya fi ɗaga gari ba a kantin wasan ake samunsa ba. Yana hannun mutum goma sha huɗun da za su shiga fage tare da kai a makon farko na wata.

Ga wanda bai taɓa bugawa ba, kamfanin Supercell da ke birnin Helsinki na ƙasar Finland ne ya fitar da wasan a 2012 a wayoyin iPhone, ya iso Android a 2013, kuma daga nan ne irinmu muka san shi. A 2016 kamfanin Tencent na ƙasar Sin ya sayi kaso mafi tsoka na Supercell. Gari kake ginawa, ka kewaye shi da ganuwa da bindigogi, ka tara zinariya, ka ɗebi mayaƙa ka je ka auka wa garin wani. Hari ɗaya minti uku ne. Ka rushe rabin garin ka samu tauraro ɗaya, ka rushe fadarsa ka samu na biyu, ka share komai ka cika uku. Kusan duk wani lada na ƙungiya a kan taurarin nan ake lissafa shi.

An tsara wata yadda ba za ka huta ba. Da an shiga ɗaya ga wata ake buɗe rajistar Clan War Leagues, gasar da aka ƙirƙiro a ƙarshen 2018. Daga 22 zuwa 28 ga wata kuma Clan Games ne. Kowace Juma'a da safe har zuwa safiyar Litinin akwai Raid Weekend, wanda ya zo a 2022. Shi kuwa Gold Pass daga farkon wata yake tafiya har ƙarshensa.

Gasar farkon wata ita ce zuciyar abin, kuma a nan na fi jin daɗin wasan, a nan kuma na fi jin haushi. Ana haɗa ƙungiya takwas a rukuni guda, kowace ta kara da sauran bakwai, yaƙi ɗaya a rana har kwana bakwai. Mutum goma sha biyar ne a kowane ɓangare, ko talatin a matakan da aka yarda da hakan. Abin da ya bambanta ta da yaƙin yau da kullum shi ne hari ɗaya tak kake da shi a rana. Ka ɓata shi, ya ɓatu ke nan, babu na gyara. Sannan ba a duba ƙarfin garuruwanku wajen haɗa ku da abokan karawa, matakin gasar da kuke kawai ake dubawa. Shi ya sa za ka buɗe taswira ka ga na ƙarshe a jerinsu ya fi na farko a jerinku girman fada, ka yi ajiyar zuciya ka ce Allah ya kyauta. Ƙungiyar da ta ci yaƙin rana ana ƙara mata taurari goma, waɗanda suka ƙare a sama a hau da su mataki, na ƙasa a sauko da su.

Ladan wannan gasa wasu lambobi ne da ake kashewa a kantin gasar, kuma babban abin da kowa ke nema da su guduma ce. Guduma tana gama maka gini, ko binciken mayaƙi, ko ƙarin matakin jarumi nan take, ba jira, ba biyan ko ƙwayar zinariya. A manyan matakai, inda gini guda ke cin kwanaki masu yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga jarumai ma abin ya fi armashi, domin shekara da shekaru babban kukan 'yan wasa shi ne jarumin da ake ƙara wa mataki ba ya fita yaƙi. Sarauniyarka, ɗaya daga cikin jaruman, na barci, ƙungiya na jiran taurarinka.

Tsarin rabon na yaba masa. Duk wanda aka sa sunansa a rajista yana da kashi 20 cikin ɗari na lambobin da ƙungiya ta samu ko bai kai hari ba, kowane tauraro kuma yana ƙara masa kashi 10, har ya cika da taurari takwas. Ma'ana, ba sai ka zama gwani ba. Tauraro ɗaya yau, biyu gobe, sun isa su kai ka takwas kafin mako ya ƙare. Shugaba mai hankali yana amfani da wannan: da mutum ya cika takwas ɗinsa sai a fitar da shi a sako wani daga benci, kowa ya samu. Shugaban da bai damu ba kuwa zai bar abokansa goma sha biyar su buga duka kwana bakwai, sauran su tashi da kashi 20 suna kallo.

Inda ake ɓatawa shi ne lambobin kari. Bayan an gama gasa, ana ba shugabanni 'yan guraben kyauta su raba wa wanda suka ga dama, yawansu kuma yana ƙaruwa da yawan yaƙin da aka ci. Guraben ba sa isar kowa. Na ga ƙungiyar da ta shekara tana zaman lafiya ta watse a dare ɗaya saboda wannan rabo. Idan aka ce mai yawan taurari ne zai samu, to an buɗe ƙofar son kai: mai babban gari zai tashi da sassafe ya zaɓi mafi raunin garin abokan karawa, ya kwashi ukunsa cikin sauƙi, ya bar wa ƙaramin yaro garin da ko ganuwarsa ba zai iya fasawa ba. A takarda shi ne gwarzo. A zahiri shi ya jawo aka faɗi. A ƙungiyarmu sai da aka yi dogon zama a zauren WhatsApp kafin aka tsayar da doka: kowa ya bugi wanda ke daidai da lambarsa sai in shugaba ya ce akasin haka, wanda ya tsallake hari ko sau ɗaya babu shi babu kari, sauran kuma a riƙa zagayawa wata bayan wata. Tun daga nan gunaguni ya ragu, ban ce ya ƙare ba.

Tsallake hari kuwa shi ne ciwon da ba shi da magani. Akwai daren rana ta bakwai da muke kunnen doki da wata ƙungiya, saura ƙasa da awa ɗaya a rufe, mutum ɗaya ne bai shiga ba. Shugaba ya rubuta a zaure: "Alhaji, don girman Allah ka shigo, kai kaɗai muke jira." Shiru. Aka kira lambarsa a kashe. Can sai ga saƙo ta wayar ƙaninsa: "Oga ku yi haƙuri, wallahi wayata na wurin mai caji, ya rufe shago ya tafi." Babu wanda ya iya cewa komai, domin kowa ya san unguwarsu ta kwana biyu ba wuta. Da tauraro biyu aka wuce mu, muka zauna a matakinmu wani watan. Wanda ya tsara wasan ya ɗauka awa ashirin da huɗu sun ishi kowa ya samu minti uku. Yawanci sun isa. Amma ba kullum ba a nan.

Haka batun sabis. Ta wani fannin wasan ya dace da mu fiye da wasannin harbi irin su PUBG, inda jinkirin ƙiftawar ido ke kashe ka. Nan ba ya cin data sosai, tsohuwar waya ma tana ɗaukarsa. Sai dai idan sabis ya yanke maka a tsakiyar hari, an ƙirga harin. Mayaƙan da ka riga ka sauke za su ci gaba da kansu, waɗanda ke hannunka kuma sun zama asara. Na taɓa sauke rabin runduna, ina shirin jefa maganin da zai warkar da su, sai alamar sabis ta fara ƙyaftawa a tsakiyar allo, komai ya tsaya cak, sai akwatin nan da ke cewa ka sake shiga. Da na dawo, ko rabin garin ba a rushe ba. Shi ya sa yawancinmu muke ajiye harin gasa sai bayan asuba ko can cikin dare. Da azumi ma an fi samun sakamako mai kyau, don bayan sahur kowa idonsa biyu, layi kuma babu cunkoso.

Clan Games ya fi sauƙi, kuma shi nake nuna wa sabon shiga. Ayyuka ne a jere a allo: ci taurari kaza da irin mayaƙi kaza, rushe gini kaza. Ka zaɓi ɗaya, ka gama, a zuba makin a asusun ƙungiya. A tsarin da aka daɗe a kai, mutum ɗaya ba ya wuce maki 4,000, babban mataki kuma yana buɗewa ne a 50,000. Ka yi lissafi: sai mutum goma sha uku sun cika nasu, a ƙungiyar da ke iya ɗaukar hamsin. Wanda ya yi aiki ɗaya kacal yana zaɓar lada daga kowane mataki daidai da wanda ya kwana yana fama. Gayya ce sak: wani ya yi kunya ɗaya ya koma inuwa, amma in an kawo fura ludayinsa daidai da na kowa. Daga baya an ƙara wa wanda ya cika makinsa damar zaɓar lada guda na ƙari, abin da ya ɗan sanyaya zuciya. Ni dai ban ga laifin tsarin ba sosai, domin shi ke riƙe ɗalibai da 'yan kasuwar da ba su da lokaci. Amma in kai ne cikin sha ukun da ke ɗauke da sauran kowane wata, wata rana za ka gaji.

Raid Weekend, inda 'yan ƙungiya ke haɗuwa su auka wa babban birnin wata ƙungiya, ba ni da dogon bayani a kansa. Hari biyar ne da na shida in ka yi ƙoƙari, lambobinsa na da amfani, amma zuwansa ya sa yanzu babu ƙarshen makon da yake naka.

To, Gold Pass fa? Ya fito a Afrilun 2019 a kan dala 4.99, aka ɗaga shi zuwa 6.99 a 2023, shekarar da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Ka haɗa biyun ka ga yadda ya koma mana. Ga kuma shekarun da katin naira na bankuna da dama ya daina biyan kuɗin waje, sai ka bi ta hannun masu sayar da katin Google Play da ribarsu a kai. Abin da yake bayarwa na gaske ne: ragin har kashi 20 cikin ɗari na kuɗi da lokacin gini da bincike, babban asusun da ake fasa maka a ƙarshen wata, littattafan gama aiki, da sabuwar rigar jarumi wadda ado ce kawai. Wanda na fi so a ciki shi ne damar ba ɗan ƙungiya gudummawar mayaƙa da jem ɗaya tak, wato dutsen nan mai daraja da ake saye da kuɗi a wasan, domin wannan kowa ke amfana. A cikin duk abin da ake sayarwa a wasan, shi ne mafi daraja a kan kuɗinsa, wannan ba na musu. Amma ba ka samun ladan da biya kawai, sai ka yi ayyukan wata ka tara maki. In wata ya zo maka da jarrabawa, ko tafiya, ko hidimar biki, ka biya kuɗin abin da ba za ka kai ƙarshensa ba. Sannan tun da aka cire lokacin jiran horar da mayaƙa a Maris 2025, wanda ba ya biya ma yana iya kai hari a jere yadda ya so, ya tara dukiya da guminsa.

Abin da ya fi damuna da tsarin gaba ɗaya shi ne yadda yake mayar da nishaɗi wajibi. Ladan da kai kaɗai za ka rasa, kana iya cewa a bar shi. Wanda rashinka zai sa mutum goma sha huɗu su rasa, da wuya ka iya. Na sha ganin kaina a wurin ɗaurin aure ina laluben aljihu don na tuna ban kai hari ba. Masu tsara wasan sun san kunyar idon mutane ta fi kowace kyauta ƙarfin dawo da ɗan wasa, kuma a kanta suka gina kalandar.

Ga mai niyyar shiga wata ƙungiya, ya fara buɗe tarihin yaƙe-yaƙenta ya gani, in sun ɓoye shi ya tambayi dalili. Ya tambayi shugaba yadda ake raba lambobin kari tun kafin a fara gasa, da ko ana juya mutane bayan sun cika taurari takwas. In ya san makon farko na wata ba zai samu sukuni ba, ya faɗa tun ranar rajista a bar shi a benci, kashi 20 ɗinsa na nan ba mai taɓa masa. Gold Pass kuma ya bari sai watan da ya ɗaga fadarsa zuwa sabon mataki, lokacin da magina duka ke da aiki, don a nan ne ragin yake fitar da kuɗinsa.