Nara ko Koyasan: wanne matafiyi zai je a Japan?

Masu shirin tafiya Japan sun yi ta tambayata wanne ya fi dacewa tsakanin haikalin Todai-ji na Nara da haikalan Dutsen Koya, wato Koyasan.

Ta fannin sauƙi, Nara ce a gaba. Daga Kyoto ko Osaka jirgin ƙasa bai kai awa ɗaya ba. Za ka ga gunkin Buddha na tagulla mai tsayin kusan mita 15, wanda aka ƙaddamar a shekarar 752, ka dawo masauki kafin magariba. Sai dai cunkoson jama'a, ga barewa masu naci da ke bin duk wanda ya riƙe abinci.

Koyasan, wanda Kukai, wani malamin addinin Buddha, ya kafa a shekarar 816, sai ka kashe kusan awa 2 daga Osaka, har da hawa jirgin da igiya ke ja zuwa saman dutsen. Kuɗin ma ya fi, domin armashinsa a kwana yake: haikalai kusan 50 suna sauke baƙi, abincinsu ba nama ba kifi. Maƙabartar Okunoin, cikin dogayen itatuwa, ita ce ba ta fita a rai. Sanyin hunturu can kuwa ba wasa ba ne.

Mai yini ɗaya ko mai tafe da yara, Nara. Mai kwana biyu da son natsuwa, Koyasan.