Daga Singafo: Ruwa, Mota da Shara, Kowanne da Mitarsa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Masu tambaya ko da gaske na'ura ce ke tafiyar da gari a Singafo, to na'urori kam akwai, amma babban aikinsu awo ne da caji. Tsibiri ne ɗan tsut, mutum kusan miliyan 6, ba rijiyar mai, ba gonar kirki, ba isasshen ruwa. Duk abin da ya yi ƙaranci sai a sa masa mita da farashi.

Ruwa ne ya fi ɗaukar hankalin wanda ya saba jiran ɗan garuwa da sassafe. Nan daga famfo ake sha kai tsaye. Ta hanya huɗu yake zuwa: ruwan sama da ake tarawa a madatsai, wanda ake saye daga jihar Johor ta Malesiya bisa yarjejeniyar 1962 da za ta ƙare a 2061, ruwan teku da aka cire wa gishiri, sai NEWater. Wannan na ƙarshe, ba a ɓoye, ruwan banɗaki da na wanke-wanke ne. Bayan tacewar farko, ana bi da shi ta matatu masu ƙananan huda, a matsa shi da ƙarfi ta wata fata da ko gishiri ba ya ratsawa, sannan a haska masa haske mai kashe ƙwayoyin cuta. Akasarinsa masana'antun kayan lantarki ke sha, lokacin rani kuma a zuba wani a madatsai. Tun Afrilun 2025, lita 1,000, wato jarka 40 mai cin lita 25, tana kamawa dalar Singafo 3.24 kafin harajin saye. Gidan da ya wuce lita 40,000 a wata, farashinsa ya hau. Matsalar ita ce ruwan teku na cin wuta, kusan yunit uku da rabi kan kowace lita 1,000, wutar ƙasar kuma sama da kashi 90 cikin 100 daga iskar gas ɗin da ake shigowa da ita take.

Mota fa? A gida ka sayi tokumbo ka yi lamba, shi ke nan. Nan tun 1990 sai ka fara cin gwanjon takardar izinin mallaka, wadda shekara 10 kawai take yi. A 2023 ta manyan motoci ta kai dalar Singafo 150,000, ban da kuɗin motar kanta. A 2018 ma an tsayar da ƙara adadin motocin hawa. Ga kuma kuɗin hanya tun 1998: wani ƙarfe ne ya ƙetara titi ta sama, kana wucewa 'yar na'urar da ke jikin gilashinka ta yi ƙara, an cire kuɗi. Idan gudu a babbar hanya ya faɗi ƙasa da kilomita 45 a awa sai a ƙara farashi, in ya haura 65 a rage. Cunkoso ya yi sauƙi, amma mota ta zama ta masu hannu da shuni. Sauran jama'a jirgin ƙasa da bas suke bi, su ɗora kati ko waya a ƙofa. Ko nan an yi tuntuɓe: a Janairun 2024 hukuma ta janye shirin soke tsofaffin katuna, don sabon tsarin ba ya nuna wa fasinja sauran kuɗinsa a ƙofar.

Bola ba ka ganinta a lungu. Ƙone shara ake yi a masana'anta, girmanta ya ragu da kashi 90, a samu 'yar wuta, a kai tokar tsibirin Semakau da jirgin ruwa. Ana hasashen zai cika zuwa 2035, ga kuma sake sarrafa sharar gida bai yi nisa ba, saboda mutane na cusa ragowar abinci a shuɗin kwandon da aka ware wa roba da takarda, kayan su lalace.

Inda kasuwa da muhalli suka yi karo sosai shi ne rumbunan kwamfutoci masu adana bayanai. Suna kawo kuɗi, amma a wannan zafi sai an yi ta sanyaya su dare da rana, har sun ci kusan kashi 7 na wutar ƙasar a 2020. Gwamnati ta dakatar da gina sababbi daga 2019 zuwa 2022, sannan ta buɗe da sharuɗɗan tsimin wuta. Kafin nan kamfanoni da dama sun tsallaka gada zuwa Johor, can suke shan wuta da ruwa yanzu.