Ƙafa da sitiyari: abin da za ka saya kafin ka shiga tsere da ƙaramar motarka a Sakkwato

Duk saurayin da ya same ni da maganar gyara Golf ko Peugeot 206 don tsere, tambayarsa ta farko ɗaya ce: yaya za a zaunar da ita ƙasa? Ni kuma sai in ce ya fara faɗa mini inda zai yi gudun. Hotunan da yake gani a waya na motocin da cikinsu ke kusan shafar ƙasa an ɗauke su ne a kan kwalta mai santsi kamar faranti. Mu a nan abin da muke samu fako ne, da burji mai gargada, da rairayin da ke riƙe taya. Ga zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Ko a gasar rali ta duniya, mota ɗaya ce ake sa wa rim mai inci 18 a zaunar da ita idan kwalta za ta hau, ranar da za ta shiga tsakuwa kuma a ɗaga ta a mayar mata da inci 15 da taya mai kauri. Saboda haka filin ne zai zaɓa maka kaya.

Kuɗin farko ba na kayan tsere ba ne. Golf 3 ta fito a 1991, Peugeot 206 a 1998, kuma yawancinsu sun sha hanyar Illela da ta Gusau kafin su zo hannunka. A ɗaga motar, mai gyaran ƙafa ya girgiza kowace taya. Boljoyin, tayarod, boris, bushin na lowa am, da robar da kan shokozoba ke zama a ciki, duk wanda ke wasa a cire shi. A nan ba na yarda da na Beljiyam, domin roba tana tsufa ko da a kan kanta take ajiye. Sabo na kamfani irin Lemförder ya fi, ko da sai an aiko maka daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Shokozoba mai tsada a kan boljoyin da ya mutu, ado ne da kayan aro.

Sai babbar magana, wato shokozoba da sifirin. Hanya uku ce a gabanka.

Ta farko, ka bar sifirin na asali da tsayin motar yadda yake, ka sa shokozoba mai ƙarfi. Ita nake zaɓa wa mutum tara cikin goma a garin nan, kuma ga dalili. Aikin shokozoba shi ne ya mayar da tsallen mota ya zama zafi a cikin mansa. Irin wanda aka fi sani, mai bututu biyu, idan ya sha gargada na 'yan mintuna a rana tsaka sai man ya yi kumfa, ka ji motar ta fara lilo kamar kwalekwale alhali da safe lafiyarta lau. Mai bututu ɗaya yana da iskar gas da aka matse aka raba ta da man, ga fistin mai faɗi, don haka ya fi saurin fitar da zafi kuma ba ya saurin kumfa. Bilstein B6 irin wannan ne, kuma an yi shi don motar da ba a rage wa tsayi ba. KYB ma suna da Gas-a-Just ga motocin da suka yi wa. Rauninsa ɗaya: idan dutse ya lotsa bututun, fistin ya daina tafiya daidai, shi ke nan. Don haka na baya yana son a yi masa kariya da roba mai kauri.

Ta biyu, gajeren sifirin irin na Eibach ko H&R, wanda yakan rage tsayi da milimita 30 zuwa 40, a haɗa shi da shokozoban da aka yi don gajeren sifirin, kamar Bilstein B8 ko Koni Sport mai launin ɗorawa da ake iya murɗawa a ƙara masa tauri. Wannan ya dace da wanda zai yi wasan zagaya alamomi a rufaffen fili mai kwalta ko siminti. Motar za ta rage kwanciya a kwana, sitiyari ya riƙa amsawa da wuri. Amma ka sani ka sayar da tazarar da ke tsakanin cikin motarka da ƙasa, kuma tudun rage gudu na cikin gari ba zai tausaya wa botom filet ɗinka ba. Kada kuma ka ɗora gajeren sifirin a kan tsohon shokozoba na asali. Zai riƙa kaiwa ƙarshe yana dukan kansa har ya zubar da mai.

Ta uku ita ce wadda ido ya fi so: shokozoba mai zare a jiki, wanda ake murɗa zobensa a ɗaga mota ko a sauke ta, koyiloba kenan. Na ƙwarai, wanda aka yi don tsakuwa, babu kamarsa, sai dai kuɗinsa na iya kai kuɗin motar ko ya wuce. Mai arha da ake tallarsa a intanet kuwa, mai sheƙin ja da shuɗi, yawanci tafiyarsa gajera ce, sifirinsa ya yi tauri fiye da kima, kuma an yi shi ne don sauke mota. A kan gargada taya sai ta riƙa tsalle tana barin ƙasa, kuma tayar da ke sama ba ta juya mota, ba ta tsayar da ita. Ƙurar hunturu ma tana shiga zaren ta kafe shi, wata shida ka nemi murɗawa ya ƙi. Idan kuɗinka bai kai na ƙwarai ba, koma hanya ta farko da zuciya ɗaya.

Akwai ta huɗu da ba na lissafa ta cikin zaɓi: yanke sifirin ko gasa shi a wurin mai walda. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, yankakke kuma yana iya fita daga mazauninsa idan mota ta yi sama. Rai ake ɗorawa a kai.

Motocin ma ba ɗaya suke ba. Golf 3 tana da sauƙin kaya, gabanta shokozoba ne da sifirin a haɗe, bayanta ƙarfe guda mai murɗawa. Amma a kula, GTI da VR6 suna da rim mai ƙusa biyar da ƙafar gaba daban, ƙananan kuma huɗu ne, don haka ba a ɗauko guntun wannan a liƙa wa waccan sai dai a sauya gaba ɗaya har da shaf. Ita 206 ba ta da naɗaɗɗen sifirin a baya, sandunan ƙarfe ne masu murɗawa, ana zare su a mayar a sauya tsayi ba tare da sayen komai ba. Ciwonta boris ɗin akasil na baya: in ka tsaya bayanta ka ga kan tayoyin ya karkata ciki, fara da nan. Honda Civic ta 1992 zuwa 1995 tana da hannu biyu sama da ƙasa a kowace tayar gaba, shi ya sa take riƙe kwana da kyau tun daga kamfani, sai dai bushin ɗinta da yawa, kuɗin sabunta su ma da yawa.

Bushin na roba mai tauri, irin na Powerflex, yana sa mota ta bi umarni. Yana son giris, in ba haka ba ƙura ta sa shi kuka. Na ƙarfe zalla mai ƙwallo a ciki ka bar wa wanda zai iya sauya shi bayan kowace gasa, yashi yana cinye shi.

Motar da ke ja da gaba halinta ne ta tura hanci waje idan an shiga kwana da gudu. Maganin da ya fi arha shi ne stabilaiza (sandar ƙarfen da ke rage wa mota kwanciya a kwana) mai ɗan kauri a baya, ba a gaba ba. Mutane da yawa suna juya wannan, su ƙara na gaba, motar ta ƙara ƙin juyawa. Amma a bi a hankali, musamman a Peugeot: idan baya ya yi tauri da yawa, ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, sai ka ga gindinta ya riga hancinta.

Yanzu sitiyari. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu yana hagu. Kayan tsere na ƙananan motoci da yawa daga Ingila ake tallarsu, su kuma nasu yana dama. Rak ɗinsu, wato ƙarfen da ke kai juyin sitiyari ga tayoyin gaba, ba zai shiga motarka ba, komai ƙwarewar bakanike. Ka tambaya kafin ka tura ko sisi. Na Jamus ko Faransa shi ne namu. Rak mai sauri yana rage juyin sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe, daga uku da wani abu ko huɗu zuwa wajen biyu da rabi, abin da ke da daɗi a wasan kwana-kwana. Farashinsa nauyi ne a hannu, kuma duk ramin da taya ta faɗa sai ka ji shi a wuyan hannunka. Ga mafi yawanmu, rak na fawa na irin motar ya wadatar, domin yawanci ya fi mara fawa sauri. Kada ka cire fawa don neman ƙarfin inji, a cikin rairayi za ka neme ta. Sa mata sabon mai, in da hali a ƙara ɗan abin sanyaya man a gaban lagireto. Ƙaramin sitiyari mai faɗin milimita 330 zuwa 350 yana da kyau idan na asali ne. Jabu ya cika kasuwa, har da sunan Momo da OMP a jiki. Wanda ka danna da hannu biyu ya lanƙwashe, ajiye musu abinsu. Ka tuna kuma cire sitiyarin da motar ta zo da shi yana tafiya da jakar iskar da ke cikinsa idan motar tana da ita, don haka wannan na motar da ta koma ta fili ce, mai bel na tsere da hular kwano. Titin cikin gari da ayarin rakiyar amarya ba wurin gwada ko ɗaya daga cikin kayan nan ba ne. Yara da 'yan kabukabu ne ke biyan kuɗin kuskuren.

Bayan an ɗaura komai, alaimen. A nemi mai na'ura, a ce masa lamba ake so. Don kwalta, a karkatar da kan tayoyin gaba ciki da digiri ɗaya da rabi zuwa biyu; don burji, wajen digiri ɗaya ya isa. Bakin tayoyin gaba a bar shi a miƙe ko a buɗe shi waje da milimita ɗaya. A yi aikin kana zaune a kujerar direba, da rabin tanki na mai. Sannan ka rubuta lambobin a takarda ka ajiye, ka je fili ka sauya abu ɗaya kawai a kowane zagaye. Da ka tsaya, ka kai bayan hannunka kusa da kowane shokozoba: in ɗaya ya yi sanyi alhali 'yan'uwansa suna huci, wannan ba ya aiki, ka mayar wa mai shago tun rasit bai ɓace ba.