Kafin ka biya kuɗin manhajar hasashen igiyar ruwa a Jidda

Ɗan ƙanwata ne ya jawo wannan rubutu. A nan Jidda aka haife shi, Hausarsa ma rabi da Larabci ce. Ya sayi allon hawan igiyar ruwa na hannu a wurin wani Bature da zai koma gida, bai yi mako da shi ba sai ga shi ya same ni bayan Isha'i yana miƙo min waya.

“Kawu, don Allah ka ara min katinka. Kuɗin shekara zan biya wa manhajar nan, ita ce duk gwanaye ke amfani da ita.”

Na ce, “Gwanayen ina, yaro?” Ya yi shiru. Na ce ya zauna mu duba tukuna, kada ya sayi kifi a ruwa. Abin da na faɗa masa a daren nan shi zan maimaita, don na san ba shi kaɗai ba ne cikin yaranmu da wannan wasa ya shiga ransu.

Kafin zancen manhaja sai an san ruwan. Bahar Maliya doguwa ce, ta kai kilomita 2,000, amma siririya, inda ta fi faɗi bai wuce kilomita 355 ba. Ƙofarta ta kudu, Babul Mandab, ƙuntatacciya ce, don haka manyan igiyoyin da ke tasowa daga tsakiyar Tekun Indiya ba sa iso mana. Duk igiyar da ka gani a gaɓar Jidda iskar jiya ce ko ta yau ta haife ta, a cikin wannan kwarin ruwa. Wanda ya riƙe wannan ya gama rabin cinikinsa.

Ga dalili. Lambobi biyu ake dubawa a igiya: tsayinta, da kuma daƙiƙun da ke tsakanin wata da wata. A Hawai ko Fotugal tazarar takan kai daƙiƙa 14 ko fiye. A nan yawanci 4 zuwa 6 ne, ranar da ka ga 7 ko 8 to ka gode wa Allah. Bambancin ba ƙarami ba ne. Igiya mai daƙiƙa 5 tsawonta daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa kamar mita 39 ne, mai daƙiƙa 14 kuwa ta haura mita 300, kuma ko da tsayinsu ɗaya ƙarfin ta biyun ya kusa ninka na farkon sau uku. Tamu gajeriya ce, mai gaggawa, a hargitse take zuwa, ba ta jiran ka gyara tsayuwa.

Iskar da ke yi mana aiki ita ce shamal, wadda ke gangarowa daga arewa maso yamma ta bi tsawon tekun. Daga bakin Sina'i zuwa Jidda tana da fili fiye da kilomita 800 na tura ruwa, kuma daga Disamba zuwa Maris ne take yin ƙarfi sosai. Akwai azyab, iskar kudu mai zafi da ƙura, wadda masunta ba sa so. A tsakiyar bazara kuma, Yuli da Agusta, akwai wata da ke fitowa ta kwarin Tokar a Sudan ta ƙetaro tekun, amma ta fi shafar gaɓar da ke kudu da Jidda.

To yanzu kasuwa.

Wadda yaron ke son biya ita ce Surfline. Ba ƙaramin kamfani ba ne. Tun 1985 suka fara a Kalifoniya, a lokacin ta wayar tarho ake kira a ji rahoto, kuma su ne suka sayi Magicseaweed a 2017 suka haɗe ta da tasu a 2023. Abin da mai biya ke samu shi ne kallon kyamarorin da aka kafa a bakin teku kai tsaye, da hasashe mai nisa, da bayanin masana kan wuraren da aka san su. Ga wanda ke Ostareliya ko Moroko kuɗinsa bai tafi a banza ba. Amma kai da ke Jidda, buɗe taswirarsu ta kyauta ka duba: akwai kyamara a inda kake shiga ruwa? Akwai ma sunan wurin? In babu, kana biyan kuɗin kallon ruwan wasu ne. Surf-forecast ma kusan haka take, da taurarinta da ke ba igiya maki. An tsara taurarin ne don igiyar babban teku, ranar da ta fi kowace kyau a wurinmu za ta iya samun tauraro ɗaya ko babu, kai kuma ka yi kwanciyarka a gida.

Windy ce na fi daɗewa a kanta, kuma a kanta zan fi tsayawa. Da farko a kula, Windy.com daban, Windy.app daban, kamfanoni biyu ne masu kama da suna, mutane da yawa sun sauke wannan suna zaton waccan ce. Ina magana ne a kan Windy.com, wadda Ivo Lukačovič ya kafa a ƙasar Cek a 2014. Ita ba ta yin hasashe da kanta. Tana ɗauko lissafin manyan cibiyoyi ne ta zana maka a taswira: ECMWF na Turai, GFS na Amurka, ICON na Jamus. Kowane ɗaya yana yanka duniya gida-gida kamar daran dara, ya ba kowane gida lamba ɗaya. Gidan ECMWF kusan kilomita 9 ne, na ICON kusan 13. Amfaninta gare mu shi ne za ka iya jera su ukun ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya. In duka sun ce shamal za ta kai kilomita 40 a awa daga Laraba zuwa Alhamis, fara shafa wa allo kakin zuma. In ɗaya ya ce gabas ɗaya ya ce yamma, jira gobe ka sake dubawa. Duk wannan kyauta ne.

Me kuɗi ke ƙara maka? Hasashe na awa-awa maimakon na awa uku-uku, da sabuntawa sau da yawa a rana. A wani wuri wannan ƙawa ce kawai, amma a nan yana da ɗan amfani, saboda tagar da muke nema ƙarama ce. Abin da kake farauta shi ne safiyar da ta biyo bayan kwana biyu na shamal: igiyar ba ta mutu ba, iskar kuma ta kwanta cikin dare, ko ma ta juyo daga tudu tana lallashin fuskar ruwan. Daga bayan Asuba ne zuwa hantsi. Da rana ta ɗaga, ƙasa ta yi zafi, iskar teku za ta taso daga yamma ta dagula komai. Wanda ke kallon hasashen ƙarfe 6 da na ƙarfe 9 kawai zai iya rasa abin da ke tsakani. Duk da haka ba zan ce wa sabon shiga ya biya a shekararsa ta farko ba. Sai ka iya karanta na kyauta kake sanin me na kuɗi ya ƙara.

Windguru ita ma daga Cek take, amma ba ta da kwalliya. Jadawali ne zalla, lambobi a jere, launi na sauyawa gwargwadon ƙarfin iska. Masu wasa da lema a kan ruwa sun fi son ta, kuma ina ganin dalilinsu: da kallo ɗaya ka ga mako guda, har da bugun iska na bazata a layinsa daban. In idonka ya saba da lissafi za ka fi jin daɗinta a kan taswira. Sai dai ka duba ma'auni. Yawanci da kt take zuwa, ma'aunin matuƙan jirgin ruwa, kuma kowane ɗaya kilomita 1.852 ne a awa. Na taɓa ganin wanda ya karanta 20 ya zaci kilomita ne, alhali 37 ne. Windfinder ta Jamus tana tsakanin su biyun, wanda ke da ɗayansu ba ya buƙatarta.

Sai Anwa, manhajar Cibiyar Kula da Yanayi ta Saudiyya. Ba za ta faɗa maka inda igiya ke karyewa da kyau ba, ba don haka aka yi ta ba. Amma gargaɗinta shi ne na hukuma, kuma in ta yi ja a kan iska ko ƙura ko tsawa, maganar ta ƙare. Jami'an tsaron iyaka, Haras al-Hudud, su ke da iko da bakin teku, akwai wuraren da aka hana iyo, kuma duk jirgin da zai fita sai da izininsu. Lambarsu ta gaggawa 994, sa ta a waya kafin ka sa kowace manhaja. Ƙari a kan haka, rahoton iska na filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz yana fita a kai a kai, kuma filin ba shi da nisa da Abhur, bakin tekun da ke arewacin Jidda. Wannan ba hasashe ba ne, aunawa ce ta abin da ke faruwa yanzu, ana ganinta kyauta a Windy.

Akwai abin da babu ɗaya cikinsu da ke gani, wato murjani. Gaban Jidda cike yake da layukan tudun murjani, wasu a manne da gaɓa, wasu can ciki, shi ya sa tun zamanin jiragen alhazai shiga tashar nan sai da ɗan jagora. Gidan lissafi mai kilomita 9 bai san da tudun da faɗinsa bai wuce mita 200 ba. Sai manhaja ta rubuta mita 1.5, ka tuƙa mota da sassafe, ka tarar da ruwa lumui kamar tafki, domin tudun waje ya shanye igiyar tun kafin ta iso. Ya faru da ni ba sau ɗaya ba. Akasin haka ma na faruwa a bakin tudun waje: lambar da ake nunawa matsakaicin kashi ɗaya cikin uku na igiyoyi mafi tsayi ce, jefi-jefi sai wata ta zo da ta kusa ninka ta.

Zurfin ruwa a kan tudun shi ne zai yanke ko za ka koma gida da fatarka. Igiya tana karyewa ne in zurfi ya rage kamar sau 1.3 na tsayinta, ke nan igiyar mita ɗaya tana kifewa a ruwan da bai wuce ƙirjinka ba, kuma abin da ke ƙasa ba yashi ba ne. Manhajoji suna cika allo da zanen cikar teku da janyewarta, wasu har suna sa shi cikin abin da ake biya. Kada ka biya don wannan. A tsakiyar Bahar Maliya, Jidda da Port Sudan, hawa da saukar ruwa na kullum kaɗan ne, bai cika wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. Wanda ya fi shi muhimmanci na shekara ne: ruwan ya fi cika a lokacin sanyi, ya ja baya da bazara, bambancin kan kai rabin mita. Tudun da ka wuce a kansa lafiya a Janairu zai iya fito da haƙoransa a Agusta. Wannan sai tsohon nahuda, mai jirgin da ya shekara talatin yana ratsa wurin. Kofin shayi da gaisuwa ta mutunci sun saya min labarin da babu manhajar da ke da shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kuɗin da na hana yaron biya ga inda suka tafi. Takalmin roba mai kaurin tafi na shiga murjani shi ne farko, saboda bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi baƙaƙe, da kifin dutse da ke kwance kamar ba rai alhali dafinsa na kai mutum asibiti. A takalman akwai mai raba babban yatsa da mai dunƙulallen kai. Na farkon ya fi riƙe allo, shi na zaɓa masa, kuma ya matse ƙafa, don mai sako-sako ruwa ke cika shi. Rigar roba mai kauri irin ta Turai ɓarnar kuɗi ce, ruwanmu ko da sanyi yana wajen digiri 25, da bazara ya haura 30. Riga mai dogon hannu mara nauyi ta isa ta kare rana da ƙujewa. Hular kwano ta ruwa kuwa, yaran na jin kunyar sa ta, ni ba na jin kunyar tilasta musu.

Allon da ya saya ma sai da muka yi magana. Gajere ne siriri, na igiya mai ƙarfi, irin wanda Baturen ke tafiya da shi Indunusiya. Igiyarmu mai daƙiƙa 5 ba ta da ƙarfin ɗaga shi. Abin da ya dace da shi dogo ne mai kauri, ƙafa 8, mai laushin sama, wanda ko ya buge shi ba zai fasa masa goshi ba, ko ya gogi murjani ba zai yi kuka ba. Ya ɓata rai, ya ce allon yara ne. Na ce iya ruwa fidda kai.

Mun yi yarjejeniya. Zai sa Windy da Anwa, duka na kyauta, ya sayi ƙaramin littafi. Duk ranar da ya je ruwa zai rubuta abin da manhaja ta ce daren jiya, tsayi da daƙiƙu da inda iska ta fito, a gefe kuma abin da idonsa ya gani. Daga Disamba zuwa ƙarshen Maris. In ya kawo min littafin a cike, kuma har lokacin yana ganin hasashen awa-awa zai ƙara masa wani abu, ni zan biya. Gajeren allon yana jingine a bayan ƙofar ɗakina, ya ce in ajiye masa har ya tara kuɗin zuwa tsibirin Masira na Oman da damina.