Ɗamarar fitsari ta ƙaramin kare mai ciwon laka: abin da na gani a wata huɗu

Karena ƙarami ne, irin Dachshund mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, nauyinsa kilo 6. Tun da guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ya goce ya danne laka, ƙafafunsa na baya suka mutu, riƙe fitsari da sakinsa kuma suka fi ƙarfinsa. Wannan lalura ce ta sa na sayi ɗamarar yadi da ake naɗa wa kare namiji a ƙugu ta rufe gabansa, guda uku a ƙunshi, kowacce da shimfiɗa mai shan ruwa daga ciki da wata mai hana yoyo daga waje.

A kan aikin da aka yi ta dominsa, ba ni da ƙorafi mai yawa. Tana tare ɗigon da ke zubowa idan an ɗaga shi ko yana barci, zarnin ɗaki ya ragu sosai, kuma yadin bai yage ba duk da wankin yau da gobe. Maɗaurinta ne kawai ya fara saki a wata na uku saboda gashi da ke maƙalewa a jikinsa, sannan da yake karen jan ciki yake yi, ɗamarar takan zame ta koma baya sai an gyara.

Inda na so in yi kuskure babba shi ne a makon farko, lokacin da nake ganin ɗamarar sharkaf da fitsari, sai in ɗauka mafitsarar ta zazzage kanta. Likitan dabbobi ne ya taɓa mararsa ya nuna mini cewa a cike take tam, abin da nake gani ambaliya ce kawai, irin ta tulun da ya cika ya batse. Fitsarin da ya daɗe a ciki yana tara ƙwayoyin cuta, yana iya taɓa ƙoda, kuma mafitsarar da ta saba buɗewa fiye da ƙima tana iya rasa ƙarfin matsewa ko bayan lakar ta fara farfaɗowa. Takardar da ke cikin ƙunshin ba ta ce uffan a kan wannan ba, abin da nake ganin babban giɓi ne ga kayan da masu jinyar irin wannan kare suke saya.

Saboda haka har yanzu hannu ne ke yin ainihin aikin. Sau huɗu a rana, wato kusan duk awa shida, nakan tallafe ƙugunsa, in lalubo mafitsarar a bayan haƙarƙari, can wajen cinyoyi, inda take kamar balan-balan mai ruwa, in matsa a hankali ba tare da fizga ba har ta lafe. Idan ta ƙi, nakan dakata ya huce maimakon in ƙara ƙarfi, domin raunin da ke tsakiyar baya yakan sa bakin mafitsara ya ɗaure, shi ya sa likita kan rubuta magani irin prazosin don ya sassauta. Lafiyayyen kare yana fitar da kimanin mililita 20 zuwa 40 a kowane kilo a rana, wato 120 zuwa 240 ga nawa, kuma na fi samun natsuwa da auna wannan a kofi fiye da duba jiƙewar yadi. Ganin jini, ko gurɓacewar fitsarin, ko wari na daban, dalili ne na komawa wurin likita a ranar.

Wani abin lura shi ne fata. Jiƙaƙƙiyar ɗamara idan ta yi awanni a jiki tana sa cikinsa ya yi ja har ya fara saɓa, don haka nake cire ta da zarar ta jiƙe, in goge wurin da ruwan ɗumi, in bar shi ya sha iska. Da wannan tsari guda uku ba sa isa, domin yadin yana da kauri, ba ya bushewa da wuri. Sai da na ƙaro ƙunshi na biyu. Mai macen karya kuwa kada ya saya, domin siffar ɗamarar ta namiji ce kaɗai, tata sai kunzugu mai ramin wutsiya.