Na biya koci ya koya min ɗaga ƙarfe irin na Olamfik: ga yadda na same shi

Masu tambayata ko akwai riba a biyan koci don wannan wasa, amsata ita ce akwai, amma ba ga kowa ba. Idan burinka ƙirji ya buɗe, damtse ya cika hannun riga, riƙe kuɗinka, na'urorin gidan motsa jiki sun ishe ka. Ɗaga ƙarfe na Olamfik harka ce daban. Ɗagawa biyu kacal ake yi a gasarsa: sinach, wadda ake fizgar sanda daga ƙasa zuwa saman kai a tashi ɗaya, da kilin-an-jak, wadda ake fara ɗora ta a kafaɗu sannan a cilla ta sama. A da akwai ta uku, turawa daga kafaɗa da ƙarfin hannu, aka soke ta bayan gasar Olamfik ta 1972 saboda 'yan wasa sun riƙa gantsarewa baya har alƙalanci ya gagara. Biyun da suka rage sauri gare su ƙwarai, mai yi ba ya iya gane inda ya karkace. Sai wani ya tsaya a gefe yana kallo, kuma wannan idon nasa kake biya.

Na je wurin kocin da ɗan ƙarfina, don na daɗe ina tsugunno da ƙarfe a wuya. Bai ko tambaye ni kilo nawa nake ɗagawa ba. Wata sandar roba mara nauyi ya miƙo min, ya ce in ware hannuwa in ɗaga ta saman kai, in tsuguna har ƙasa. Dugadugaina suka tashi, sandar ta rinjaya gaba. Ya ce, "Malam, ƙarfi kam akwai. Idon sawunka da kafaɗunka ne ba su ba da haɗin kai ba tukuna." Makonnin farko a nan suka tafi: miƙe gaɓoɓi, zama a tsugunne, sandar roba, daga baya sandar ƙarfe tsurarta mai kilo 20. Ta mata kilo 15 ce, kuma ta fi siranta, milimita 25 maimakon 28, don hannu ya kewaye ta sosai. Gaskiya akwai gundura, musamman in kana jin na kusa da kai yana sakin ƙarfe ƙasa tana girgiza.

Daga sama yake koyarwa zuwa ƙasa. Ka fara fizga daga ƙugu, in ta zauna a sauko gwiwa, sai can a kai ƙasa. Abin da ya fi burge ni shi ne gyara ɗaya yake bayarwa a lokaci guda. Ko ya ga matsala biyar, ɗaya zai faɗa, kuma a taƙaice: "Ta bi jikinka." "Taka ƙasa da ƙarfi." "Shige ƙarƙashinta." Wanda ya fi maimaita min shi ne, "Hannu igiya ne, ƙafa ke aiki," domin duk wanda ya saba da ɗaga ƙarfen gina damtse yakan lanƙwasa gwiwar hannu da wuri, ƙarfin da ya taso daga cinyoyi ya mutu a hanya. Yakan ɗauke ni bidiyo da waya daga gefe, ya rage gudun hoton, ya tsayar da shi daidai inda sandar ta bar cinyata ta yi gaba. Tazarar ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, amma ita ke sa in yi tsalle gaba ina bin ƙarfe.

Sai riƙon ƙugiya. Babban yatsa ake fara naɗewa a jikin sandar, sannan manuniya da na tsakiya su danne shi. Da farko zafinsa ba a magana, farce ya yi ja, gefen yatsan ya saluɓe, dole ka naɗe shi da filasta. Na nemi ya ɗaga min ƙafa, ya ƙi. Da nauyi ya fara ƙaruwa na ga dalilinsa: sandar ba ta zamewa, hannu kuma ya saki jiki maimakon ya ƙanƙame. Ya kuma koya min yar da ƙarfe tun kafin in iya ɗaga shi, wato in ta rinjaya gaba ka tura ta ka ja baya, in ta yi baya ka sake ta ka yi gaba. Faya-fayan nauyin da ake sakawa a gefen sandar na roba ne, don faɗuwa aka yi su. Ban taɓa ganin wani bidiyon koyarwa ya fara da wannan ba.

Ranar da na yi ƙorafin cewa ni ba ƙato ba ne, sai ya nuna min Naim Süleymanoğlu na Turkiyya, ɗan gajeren mutum a ajin kilo 60, yana ɗaga kilo 190 a gasar Olamfik ta 1988. Fiye da ninki uku na nauyin jikinsa. Bai ƙara ko kalma ba, ya ce in koma kan sanda.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. A ajin haɗaka, idan mutane suka yi yawa, sai ka yi ɗagawa da dama idonsa na wani wuri, alhali idon ka zo saye. Ba ya bayanin dalilin tsarin mako sai ka matsa masa da tambaya, kuma yakan ɗage zama a ƙurarren lokaci. Rowarsa wajen ƙara nauyi ma wani sa'in tana wuce gona da iri, har ranar da jiki ke da daɗi. Ga kashe kuɗin takalmi mai tauri mai tudun dunduniya, wanda a ganina ba makawa ne, domin takalmin gudu laushinsa yana sa ƙafa rawa a ƙarƙashin nauyi. Tafin hannu zai yi kanta, wuyan hannu zai yi tsami kafin ya saba da ajiye sanda a kafaɗu.

Duk da haka na sabunta rajista, sai dai na rage ajin haɗaka na ƙara zama ni da shi kaɗai. Yanzu ina tsugunawa har ƙasa da koren faifai mai kilo 10 kowane gefe a saman kaina, dugadugai a dashe, bayana kuma ya daina ciwon da yake min bayan atisaye. Mai neman koci, kafin ka biya, nemi izini ka zauna ka kalli yadda yake yi da sabon zuwa. In ka ga ya jibga masa faya-fayai tun ranar farko, nemi wani.