Dattijon da ya tayar min da keken Inna

Ranar rabon gado ba wanda ya waiwayi keken ɗinkin Inna. Aka yi masa kuɗin da ko turmin atamfa mai kyau ba zai saya a Kantin Kwari ba, aka tura shi cikin kasona. Butterfly ne, baƙi mai zanen ruwan gwal, irin na ƙafa da ake ƙerawa a Shanghai ta ƙasar Sin. Da shi ta riƙe mu mu shida bayan rasuwar Baffa. Shekara biyu yana ƙuryar ɗaki lulluɓe da tsohon zani, har tsatsa ta kama shi, ko juyawa ba ya yi.

Maƙwabciyata ce ta kwatanta min wani dattijo mai gyara a wajen Ƙofar Wambai. Shagon ɗan tsukuku ne, kawunan kekuna jibge har bakin ƙofa, ko'ina warin mai. Bai yi gaggawar faɗin kuɗi ba. Ya kwantar da kan keken, ya leƙa ƙasansa, ya ɗiga kananzir a gaɓoɓin, sannan ya ce, "'Yata, wannan ba lalacewa ya yi ba, zama ne ya yi masa yawa." Bel ya canza, da gidan kwarkwaro, da wani ɗan sifirin da ke daidaita ƙarfin zare. Na ce ya sake haƙoran da ke jan yadi, ya ƙi. Wai tsohon ƙarfen ya fi na yanzu, wankewa kawai yake so. Abin da ya cire duk ya ƙulle min a leda.

Sai dai fa alƙawarinsa irin na tela ne. Kwana uku ya ce, sai da aka yi tara. Waya kuwa sai ka kira sau biyar ba a ɗaga ba, na yi asarar kuɗin ɗan sahu har sau biyu. Ni ma da laifina a ciki, don ana gobe-jibi azumi na kai, lokacin da teloli ke layi saboda ɗinkin sallah. Kuma benci ɗaya ne tal, maza sun cika shi, mace sai tsayuwa a rana.

Ranar da na je karɓa ya miƙo min wani ɗan littafi da ya maƙale a bayan durowa. Ya ce bai buɗe ba, na kuma yarda. Awon mutane ne da rubutun ajamin Inna, da bashin da take bi. A shafi ɗaya ta rubuta sunana, a gefe kuɗin jarrabawata, ta yi ta ragewa kaɗan-kaɗan har ya cika. Ni da nake jin kunyar yunifom ɗin da ta ɗinka min, ina cewa na shago ya fi. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta.

Lokacin ban daɗe da dawowa gida ba, aure ya mutu, ina ganin kaina kamar kayan da aka mayar wa mai shi. Dattijon ya saka ƙyalle ya ce, "Hau ki gwada, ba na sallamar keke sai mai shi ya taka." Na ce Baba ban iya ba sosai. Ina ɗora ƙafa sai ga layi ya fita tar. Ya duba ta baya, ya ce, "Wa ya koya miki riƙe yadi haka?"

Wata huɗu ke nan ina ɗinka wa yaran Islamiyyar layinmu hijabi. Keken yakan tsallake ɗinki in yadin ya yi kauri, amma dattijon ya riga ya gaya min allura mai lamba 16 zan saka. In za ki kai naki, ki kai tun cikin Rajab, ki kuma tafi da lema.